Jenga: Wasan Zare Katako Daga Ƙasa a Ɗora a Sama

Ɗalibai da yawa sun ɗauka Jenga wasan Turawa ne tsantsa, alhali tushensa yana nan Afirka ta Yamma. Wadda ta fito da shi ita ce Leslie Scott, Baturiyar Ingila da aka haifa a Darussalam ta Tanzaniya a 1955. A farkon shekarun 1970 iyayenta suna zaune a Gana, inda ita da 'yan gidansu suke wasa da guntayen katako da aka samo daga wurin yankan katako a Takoradi. Ta kai wasan kasuwar baje kolin kayan wasan yara ta Landan a 1983. Sunan kuwa daga Swahili ya fito, ma'anarsa "gina".

Ga yadda ake yinsa. Guntaye 54 ne, kowanne tsawonsa ya ninka faɗinsa sau uku. Ana jera uku-uku, wannan sahu ya kalli gabas, na samansa ya gitta shi ya kalli arewa, har a samu hawa 18. Kowa idan layi ya zo kansa sai ya zare guntu ɗaya da hannu ɗaya, ya ɗora shi a can sama. Ba a zarewa daga sahun ƙoli, kuma sai sahu ya cika uku kafin a fara wani. Wanda ginin ya rushe a hannunsa shi aka ci.

Mai kallo zai ce ai sanyin hannu ne kawai. To, akwai lissafi a ciki, kuma a nan ne manya suke yi wa yara wayo. Sahu ɗaya yana iya tsayawa ta hanya biyu: ko a bar na tsakiya shi kaɗai, ko a bar na gefe biyu. Idan ka zare na tsakiya, ka rufe wannan sahun ke nan, domin duk wanda ya taɓa ɗaya daga cikin biyun da suka rage, ginin zai kife. Idan kuwa na gefe ka zare, ka bar wa na bayanka ɗaya gefen. Saboda haka gwani yakan ƙirga zarewa nawa suka rage masu sauƙi, ya zaɓi tsakiya ko gefe yadda mai wuyar za ta faɗa kan abokin wasansa. Masu buga dara a gindin bishiya sun san irin wannan ƙidayar.

Wani abin lura kuma shi ne guntayen ba daidai suke ba sak. Akwai ɗan bambancin kauri da ido ba ya gani, shi ya sa wani guntu yake sako-sako, wani kuma nauyin ginin ya danne shi. Ana yarda ka ɗan taɓa da yatsa ka ji. Wanda ya motsa cikin sauƙi ba ya ɗauke da kaya. Amma da an ɗora sabon guntu a sama, nauyin yakan koma wani ɓangare, sai na sako-sako ya ƙi motsi.

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Na'isa ya ga wannan darasi da girmansa. Maginan da suka yi ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, sun yi gindinta da faɗi, tana tsukewa yayin da take hawa, domin ƙasa ce ke ɗaukar sama. Jenga akasin haka yake yi: yana rage gindi yana ƙara kai. Haka masu haƙar ƙasa a jikin ganuwa suka yi mata shekara da shekaru, damina kuma ta ƙarasa aikin. Ita ƙofar kanta an rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya, aka sake gina wata a wurin.

Ba sai an sayi na kanti ba. Kafinta zai iya yanka muku guntayen daga ragowar katako, kowanne tsawon santimita 7.5, faɗi 2.5, kauri 1.5. Ku ce masa ya goge su sosai da samfefa, kada kuma ya shafa fenti, domin fenti yana sa su manne wa juna, musamman da zafin bazara.