Amfanin Abin Da Ke Ragewa Bayan An Matse Rake

Ku sani, ya ku masu karatu, sukarin da ake sha da shayi kaɗan ne daga cikin abin da rake ya ƙunsa. In an matse rake tan 1, watau kilo 1,000, sukarin da za a samu bai cika wuce kilo 120 ba. Galibin sauran ruwa ne, amma abu uku kan rage: tuƙa wajen kilo 280, da baƙin maɗi mai kauri wajen kilo 40, da lakar da ake tacewa daga ruwan raken. Ma'aikatar da ta san kan waɗannan abubuwa ita ke tsira da jarinta ranar da kasuwar sukari ta faɗi.

Na farko tuƙa. Masu mazarƙwaila na ƙasar Zazzau sun daɗe da sanin amfaninta, gama sukan shanya ta su hura wutar dafa ruwan rake da ita. Haka manyan ma'aikatu ke yi, sai dai su tukwanen ƙarfe suke hura wa, tururin ya dafa sukari, ya kuma juya injin da ke ba da wutar lantarki. A ƙasar Birazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman rake, ma'aikatu da yawa kan biya bukatarsu ta wuta da tuƙa, har su sayar da ragowar ga birane. A Misira kuwa, a garin Idfu da ke bakin Kogin Nilu, akan dafa tuƙa da magani har ta yi laushi, a wanke ta, a yi takardar rubutu da ita, domin ƙasar ba ta da dazukan da za ta sari itacen takarda.

Na biyu baƙin maɗi, wanda ke saura bayan sukari ya daskare an tsame shi. Akan gauraya shi da abincin shanu su yi ƙiba, da shi kuma ake renon yistin da ke kumbura burodi, ana yin farin magi irin na Ajinomoto. Babban aikinsa shi ne man mota. A 1973 kuɗin man fetur ya ninka har sau huɗu a duniya, Birazil ta shiga matsi, domin sayowa take yi daga waje. Sai Shugaba Ernesto Geisel ya kafa shirin Proálcool a 1975. Akan tsima maɗin, ko ruwan raken kansa, da yisti, sa'an nan a dafa a tare tururinsa, ya zama itanol. A 1979 aka fito da motar Fiat 147 mai shan itanol zalla, a 2003 kuma aka fito da motocin da ke shan fetur ko itanol, duk wanda ya fi araha. Wannan ruwa barasa ne a asalinsa, da maɗin nan kuma wasu ƙasashe ke yin giya, saboda haka ya kamata mai fataucinsa ya san hannun da yake sayar wa.

Na uku laka, wadda ake mayarwa gona ta zama taki. Akwai kuma gurɓataccen ruwan da ke saura bayan an tace itanol, lita 10 ko fiye ga kowace lita 1. Da fari cikin koguna ake zuba shi, ya kashe kifi, ya ɓata ruwan sha. A 1978 hukumar Birazil ta hana haka, aka koma shayar da gonakin rake da shi, gama yana da gishirin da shuka ke so. Amma in aka yawaita shi wuri ɗaya sai ya lalata ƙasa.

To, a Nijeriya ma an kafa ma'aikatun sukari, kamar ta Bacita a Jihar Kwara da ta Numan a Jihar Adamawa. Attajirin da ke nufin zuba dukiyarsa cikin wannan sana'a, kada ya tsaya ga lissafin buhunan sukari kaɗai. Ya tambayi inda tuƙa za ta, da wanda zai sayi maɗi, da inda gurɓataccen ruwa zai kwarara, tun bai sa hannu a takarda ba.