Abin da Ke Ɓoye a Ƙarƙashin Tsohuwar Tirelar Alminiyum

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wata irin ƙaramar tirela wadda mota ke ja, an shirya cikinta kamar ɗaki, da gado da madafa da makewayi. Mafi shahara a cikinsu ita ce Airstream, wadda Wally Byam ya fara ƙera ta da alminiyum a 1936. A 1959 ayarin irin waɗannan tireloli guda 41 ya tashi daga Cape Town, ya ratsa Afirka, ya isa Alƙahira a 1960. Masu sha'awa sukan sayi tsofaffin da suka shekara hamsin ko sittin su sabunta su, kuma aiki na farko da gwanayensu ke yi shi ne cire farantin da ya rufe cikin tirelar ta ƙasa.

Da wuya a ga irin wannan tirela a Gwarzo ko Kabo, amma tsarin ƙirarta ba baƙo ba ne. Tsohuwar Land Rover, wadda aka fara yi a 1948, jikinta alminiyum ne a kan shasin ƙarfe. Haka kuma jiragen sama, irin na kamfanin Kabo Air da Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa, jikinsu fallayen alminiyum ne da aka ɗinke da ƙusoshin ribit. Saboda haka darasin da ke ƙarƙashin tirelar nan ya shafi duk mai gyaran bodi da mai walda a tashar Gwarzo.

Yadda ƙasan tirelar yake

Ƙasan tirelar hawa huɗu ne. Daga sama akwai daɓen katako da ake takawa. Ƙarƙashinsa akwai shasin ƙarfe mai ɗauke da nauyi. A tsakanin sandunan shasin an cusa audugar gilashi domin tare zafi da sanyi. Daga can ƙasa kuma sai siririn farantin alminiyum, wanda aka kafe a jikin shasin da ribit don ya kare sauran daga laka da tsakuwa. Matsalar ita ce, farantin da ya hana ruwan hanya shiga, shi ne kuma yake hana ruwan da ya zubo daga taga ko bututu fita.

Me ya sa jiki ke ƙyalli, ciki na ruɓewa?

Alminiyum, wanda Hausawa ke kira goran ruwa ko sanholo, nauyinsa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne. Da zarar iska ta taɓa shi, sai iskar oksijin ta haɗu da fuskarsa ta yi wata fata mai tauri wadda ido ba ya gani. Wannan fata takan manne, ta hana lalacewa ci gaba. Baƙin ƙarfe kuwa tsatsarsa kumbura take yi ta ɓamɓare, ta buɗe sabuwar fuska ga ruwa da iska. Wannan ne dalilin da za a ga jikin tirela yana walƙiya alhali shasinta ya zama gari. Kyan ɗan maciji ke nan.

Akwai kuma wata ɓarna ta biyu. A 1800 masanin Italiya Alessandro Volta ya nuna cewa in aka haɗa ƙarafa iri biyu, aka sa ruwan gishiri a tsakaninsu, lantarki zai gudana. Wannan shi ne asalin batir. Duk inda alminiyum ya taɓa baƙin ƙarfe a cikin danshi, an sami ɗan ƙaramin batir, kuma alminiyum ne ke narkewa, ya koma farin gari kamar toka. Ɓarnar ta fi tsanani inda ɗan ƙaramin alminiyum ya haɗu da babban ƙarfe, wato a kan ribit da gefen hudarsa. Shi ya sa farantin tsohuwar tirela yakan saki ya yi lilo.

A yankin Gwarzo da Kabo rani ya fi damina tsawo, har a yi zaton tsatsa ba ta da tasiri. Amma ƙurar hunturu takan taru a lungunan shasi, in ruwan Yuli da Agusta ya jiƙa ta sai ta zama laka mai riƙe danshi makonni, a wurin da rana ba ta kaiwa.

Masu rai da ke zaune a ciki

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, ba ya ruɓewa. In ya daɗe a jiƙe, sai ƙananan halittu dangin fumfuna su yaɗa zarurrukansu a ciki, su narkar da abin da ke ba katakon ƙarfi, har ya zama ana fasa shi da yatsa. Gara ma takan samu hanya in tirela ta daɗe a ajiye a kan ƙasa.

Mafi haɗari shi ne ɓera, domin audugar gilashi sheƙa ce mai ɗumi a gare shi. Fitsarinsa yana ƙara wa danshin gishiri, ya hanzarta cin ƙarfe. Bayan haka, a Afirka ta Yamma wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Ƙwayar tana fita ta fitsari da kashin ɓeran, kuma mutum yana iya kamuwa in ya shaƙi ƙurarsu ko suka taɓa masa rauni.

Yadda ake cire farantin

Da farko a tsayar da tirelar a kan ƙasa mai tauri, a tokare tayoyi, a ɗora shasin a kan matokarai masu ƙarfi. Ba a shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi. A rufe tukunyar gas, a cire batir, a lura da inda bututu da wayoyi suka bi.

Sannan mai aiki ya sa tabarau da safar hannu da takunkumin hanci. Ribit ba a kwance shi kamar noti: ana huda tsakiyar kansa ne da injin huda, da bakin da ya yi daidai da kaurinsa, har kan ya fita, a tura sauran ciki. A fara daga gefe guda, a tallafi farantin da katako don kada tarin datti ya zubo wa mutum a fuska. A sa wa kowane falle lamba, domin shi ne ma'aunin yanka sabo.

Kashin ɓera ba a share shi a bushe. A yayyafa masa ruwan bilic, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, a jira minti biyar, a kwashe a jaka a ɗaure. Daga nan a ƙwanƙwasa shasin da guduma: ƙarfe mai lafiya yana amo, wanda ya ci tsatsa kuwa bushewar sauti gare shi. A yanke ruɓaɓɓen a yi walda, a kankare sauran a shafa fenti. Wajen mayar da faranti, a sa fenti ko siririyar roba tsakanin ƙarafan biyu, a kuma bar 'yan hudoji inda ruwa zai tsiyaye.

Gwaji domin ɗalibai

A sami kofunan gilashi biyu da ruwan gishiri, da ƙusa biyu da aka goge da sanfefa. A saka ɗaya ita kaɗai. Ɗayar kuma a naɗe ta tamau da wayar alminiyum da aka kankare. Bayan 'yan kwanaki za a ga ta farko ta yi jar tsatsa, ta biyu kuwa tsatsarta kaɗan ce, amma wayar ta fara fari-fari. Da irin wannan hikima ake shafa wa kwanon rufi tutiya, don ta lalace a madadin ƙarfen.

Kammalawa

Ƙarfin abin hawa yana inda ido ba ya kaiwa. Duk wanda zai sayi tsohuwar mota, ko zai gyara ta, ya kamata ya fara leƙa ƙarƙashinta kafin ya dubi fentinta, ya kuma kare hancinsa da hannunsa kafin ya taɓa abin da ya tarar.