Curin Kitse Da Ke Cikin Kunci

Kitsen da ke kumatun ɗan Adam iri biyu ne. Akwai na sama, wanda ke shimfiɗe daf da fata, shi ne ke ƙaruwa in mutum ya yi ƙiba, ya zube in ya rame. Akwai kuma na can ciki, wanda ke dunƙule wuri guda cikin wani tantani nasa na kansa. Wannan na biyu shi ne abin lura, gama halinsa ya sha bamban da na sauran kitsen jiki.

Lorenz Heister, wani likitan Jamus na ƙarni na 18, ya ga curin nan, ya zaci wata ma'ajiyar miyau ce. Xavier Bichat na ƙasar Faransa, wanda ya rasu cikin 1802, shi ya tabbatar da cewa kitse ne zalla, saboda haka har yau likitoci da sunansa suke kiransa.

Mazauninsa tsakanin tsoka biyu yake, watau siririyar tsokar da ke bangon baki, da kakkaurar tsokar nan ta tauna wadda ke tasowa a gefen muƙamuƙi in an cije haƙori. A jikin baligi nauyinsa wajen giram 9 ne a kowane kunci. Yana da uwa da rassa. Wani reshe ya nufo gaba wajen baki, wani ya kutsa bayan muƙamuƙi, wani ya haura gefen kai tsakanin ido da kunne. Hanyar miyau da ta taso daga wurin da ke kumbura lokacin hangum ta jikinsa take ratsawa kafin ta ɓullo cikin baki daura da turmi na biyu na sama. Jijiyoyin da ke motsa fuska su ma nan kusa suke bi.

Aikinsa kuwa na matashi ne, ba na rumbu ba. Shi ke sa tsokoki su goga juna ba tare da sun ci juna ba sa'ad da ake tauna. A wurin jariri ya fi girma in an gwada da fuskarsa, yana tokare kumatu kada su lotsa ciki yayin da yake tsotson nono. Shi ya sa jiki ba ya saurin taɓa shi ko da yunwa ta yi tsanani. Sau da yawa akan ga yaro mai tamowa, haƙarƙari duk a waje, amma kumatu da sauran cika, har iyaye su ruɗu. In curin nan ya narke, fuskar yaro ta koma kamar ta tsoho, to, abin ya kai matuƙa. Ya kamata malaman da ke koyar da kiwon lafiya su riƙe wannan, su duba dantse da cinya maimakon fuska.

Cikin 1977 wani likita, Egyedi, ya bayyana yadda ake jawo shi a toshe ramin da kan buɗe tsakanin baki da kogon da ke gefen hanci. Akwai kuma masu biyan kuɗi a yanke musu shi don fuska ta sirance, alhali kuwa abin da aka cire ba ya sake tsirowa, tsufa kuma da kansa yakan rage cikar kumatu.