ƊAURE FAYIF DA ƘARFI BA SHI KE HANA YOYO BA

'Yan uwa masu shirin kiwon kifi da kaji, musamman na wajen Farin Dutse, Gwaram da Birnin Kudu, inda yawancin gonaki ruwansu daga bohol yake hawa tanki kafin ya gangaro. Yau maganar mahaɗin fayif za mu yi, wato soket, adafta, yuniyan da notin da ke riƙe fayif a jikin tanki. Ƙananan kaya ne masu araha, amma idan ɗaya ya tsage da daddare, kan gari ya waye ruwan tarwada ya tsiyaye. A ɗakin kaji kuma ko tsagewa ba sai an yi ba, ɗiga kaɗai ta isa. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana kai wajen lita 4 a rana. Wannan ruwan a buntun shinkafa ko dusar katako yake zama, shimfiɗa ta jiƙe, warin amoniya ya tashi, cutar kashin jini ta samu wurin yaɗuwa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsagewar nan sau tari daga ranar da aka ɗaura ta samo asali. An ga ɗan ɗigo, aka ɗauko sufana aka ƙara juyi biyu uku, ɗigon ya tsaya, kowa ya ce madalla. Bayan 'yan makonni sai ga layin tsaga a jikin soket, a ce kayan jabu ne.

To ga yadda abin yake. Haƙoran da ke bakin fayif na namiji ba miƙaƙƙu ba ne, tsukakku ne kamar turke: baki siriri, yana ƙara kauri zuwa ciki. Ma'aunin da aka tsayar shi ne 1 cikin 16, wato duk milimita 16 na tsawo kauri yana ƙaruwa da milimita 1. Fayif mai rabin inci da mai tiri-kwata suna da haƙora 14 a inci ɗaya, saboda haka juyi guda yana shigar da shi wajen milimita 1.8, yana kuma buɗa bakin macen da kusan milimita 0.11. Za ka ce ai wannan ba komai ba ne. Amma roba ba ta mantuwa. Tana nan a miƙe dare da rana, kamar itacen da aka buga wa tsinke aka bari. Kuma ƙaramin soket ya fi babba wahala, domin buɗawar da ake masa tana da yawa idan aka kwatanta da girmansa. Shi ya sa na rabin inci, wanda muka fi amfani da shi a layin ruwan kaji, shi ya fi saurin fashewa.

Sannan ga yanayinmu. A Maris da Afrilu zafi a kudancin Jigawa yana haura digiri 40, fayif ɗin da ke kwance a rana kuwa ya fi haka zafi. Ƙarfin PVC na ɗaukar matsi yana fara raguwa da zarar an wuce digiri 25, a digiri 45 ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Tsakanin tsakar rana da asubahin hunturu, fayif mai tsawon mita 6 yana iya miƙewa ya tsuke da kusan milimita 8. Duk wannan motsin a kan mahaɗi yake ƙarewa. Wanda dama an matse shi fiye da kima, shi ke fara sallamawa.

Matsalar tsohuwa ce, ba a gonakinmu ta fara ba. Sufanar nan mai auna ƙarfin ɗauri ana jingina ƙirƙirarta ga Conrad Bahr, ma'aikacin hukumar ruwa ta birnin New York a Amurka, a 1918, kuma dalilinsa kenan: ma'aikata suna wuce gona da iri wajen ɗaure notin manyan fayif na ƙarƙashin ƙasa. Daga nan masu ƙira suka bi hanyoyi daban-daban don a cire hukuncin daga hannun mai ɗauri. Akwai noti mai kai biyu, wanda kan na sama yake karyewa da kansa idan an kai ƙarfin da ake so, ko kana so ka ƙara babu inda sufana za ta kama. Akwai mahaɗin roba mai ɗamarar ƙarfe da ake haɗa fayif ɗin magudana da shi a Amurka, wanda ake ɗaurewa da wani makulli da yake suɓucewa idan ya kai wajen nutin-mita 7. Akwai na kamfanin Victaulic, mai ɓari biyu, da ake ɗaurewa har ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ido ne zai gaya maka an gama. Waɗannan na manyan ayyuka ne. Mai tafkin tamfol biyu da kaji 200 ba ya buƙatarsu, amma dabarar da ke cikinsu tana nan a kayan da za ka samu a Kofar Ruwa a Kano ko wajen masu kayan famfo na Birnin Kudu.

Wanda na fi ba da shawara a kai shi ne yuniyan mai zoben roba a ciki. A nan ba haƙora ke tare ruwa ba, zoben ne. Aikin notin kawai ya jawo fuska biyu su haɗu, idan sun haɗu ya tsaya. Da hannu ake ɗaure shi. Ka sa ɗaya a bakin tanki, ɗaya kusa da injin ruwa, ɗaya a farkon layin kaji, ranar wanki ka kwance ka mayar ba tare da ka yanka fayif ba. Idan yuniyan yana ɗiga, to ko zoben ya faɗi, ko yashi ya shiga, ko fayif biyun ba su daidaita ba. Ƙarin ɗauri ba ya gyara ko ɗaya daga ciki.

Haka mahaɗin baƙin fayif mai naɗewa, mai murfi shuɗi, wanda masu noman rani suka saba da shi. Zobe ne a ciki da wani farin abu mai haƙora da ke cafke fayif. Ka yanke bakin daidai, ka goge kaifin, ka tura har ya wuce zoben ya tokare, sannan ka murɗa murfin. Yawancin yoyon da ake gani a irinsa daga rashin turawa har ƙarshe ne.

Mahaɗin jikin tanki shi ne inda asara ta fi girma, domin lita 1,000 na ruwa tan ɗaya ne, kuma idan jikin tanki ya tsage daga bakin rami gyaransa sai a hankali. Washar roba ce ke tare ruwa. Ka ɗaure da hannu, ka ƙara kamar kwatan juyi. Idan ka ga washar ta fara bulluƙowa ta gefe, an wuce, ka sassauta. Kuma ka sa wa bawul da fayif ɗin da ke fita abin tokara, ko bulo ne, kada nauyinsu ya rataya a jikin tanki.

Inda dole sai an yi amfani da haƙora, ƙa'idar masu ƙera kayan PVC ita ce a ɗaure da yatsu har ya tsaya, a ƙara juyi 1, iyaka 2. Ka yi alama da biro ko gawayi don ka iya ƙirgawa. Farin tef ɗin nan na masu famfo zagaye 2 zuwa 3 ya isa, a bi da shi ta inda noti ke juyawa. Masu naɗa shi har ya zama rawani suna ƙara wa turken kauri ne, ga shi yana da santsi, hannu ba ya jin lokacin da ya kamata a tsaya. Abu na biyu: kada ka murɗa namijin ƙarfe a cikin macen roba, ƙarfe ba ya lanƙwasa, robar ce za ta buɗe. Namijin roba a cikin macen ƙarfe shi ne daidai. Idan ba makawa, kamar wajen sa kan famfo na tagulla, ka nemi soket mai haƙoran tagulla a ciki ko mai zoben ƙarfe a baki. Ya fi tsada kaɗan, amma don wannan aikin aka yi shi.

Tiyo kuma, kilif mai sukuru da Lumley Robinson ya yi wa rajista a Ingila a 1921, wanda ake kira Jubilee, ba shi da birki, kana juyawa yana ci har ya yanka tiyon ko ya murƙushe bakin roba. Kilif mai sifirin, irin na tiyon lagireto da ake buɗewa da filaya, ƙarfinsa a jikinsa yake kuma yana bin tiyo idan ya saki da zafi. Wajen masu kayan mota za ka same shi, sai dai ka je da guntun tiyon don a gwada girma.

Kada kuma tsoron matsin ruwa ya sa ka matse. Duk mita 10 na tsayi matsin ba 1 yake bayarwa, tankin da ke kan mita 3 kuwa bai fi 0.3 ba, nonon shan ruwan kaji ma ƙasa da haka yake so. Idan an gama haɗi, a cika layin, a goge kowane mahaɗi ya bushe, a naɗa masa takarda, a bar shi ya kwana. Wanda takardarsa ta jiƙe a kwance shi gaba ɗaya, a cire tsohon tef, a haska cikin soket da tocila a duba tsaga, sannan a sake. Wannan gwajin a yi shi kwana biyu kafin 'ya'yan kifi ko 'yan tsaki su iso.