Galicnik: Ƙauyen Da Mata Suka Riƙe

Yau za mu leƙa ƙasar Makedoniya ta Arewa, wata 'yar ƙaramar ƙasa a kudu maso gabashin Turai. Turkawan Usmaniyya sun mulke ta kusan shekara 500, daga baya ta shiga tarayyar Yugoslabiya, ta ɓalle a 1991. A 2019 ne aka ƙara wa sunanta "ta Arewa".

A yammacin ƙasar, kusa da iyakar Albaniya, akwai wani ƙauye da ake kira Galicnik. Yana maƙale a jikin Dutsen Bistra, sama da mita 1,000 daga matakin teku. Gidajensa na dutse ne, wani bisa wani. Idan sanyi ya shigo, ƙanƙara takan toshe hanya. Ƙasar ba ta noma sosai, don haka mutanen suka riƙi kiwon tumaki, suna yin cuku da madararsu, mata kuma suna saƙa da ulu.

To, kiwo kaɗai ba ya ciyar da gari. Sai maza suka riƙa fita neman kuɗi, irin abin da muke kira cin rani, amma nasu mai nisa ne. Wasu Istanbul, wasu Belgiret, suna aikin gini da sassaƙa da sayar da kayan madara. Wani ya yi watanni, wani shekaru. Wa ke riƙe da gida? Mace. Ita ce da yara, ita ce da surukai, ita ce da itacen ɗumama ɗaki.

Da yake a tsakiyar shekara mazan ke dawowa, sai aka tsayar da rana guda ta ɗaurin aure, 12 ga Yuli, ranar wani biki na addininsu na Kirista. Ranar nan aure da yawa ake yi lokaci ɗaya. A ɗauko amarya bisa doki, da ganguna da algaita, tana sanye da kayan saƙa masu nauyin gaske. Bayan biki kuma, ango ya sake ɗaukar jakarsa.

Wajen shekarar 1900, mutanen ƙauyen sun haura 3,000. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka buɗe masana'antu a birane, mazan suka fara kwashe iyalansu zuwa Sikofiya, babban birni. Kun ga, muddin mata na nan, gari na nan. Da mata suka tashi, sai gari ya mutu. Ƙidayar 2002 mutum 3 kacal ta samu a Galicnik.

Sai dai 'yan asalin garin ba su manta ba. Tun 1963 ake raya bikin nan duk Yuli: a zaɓi ango da amarya, a yi musu aure irin na kakanni, dubban mutane su hau dutsen kallo.

Don haka, uwargida, ke da maigidanki ya yi tafiya ya bar ki da ɗawainiya, kada ki raina zamanki. Allah ya dawo da matafiyanmu lafiya.