Ko Ka San Sinadarin da Ke Cikin Bagaruwa?

Ko ka san bagaruwar da majeman Kano da Sakkwato ke jeme fata da ita tana ɗauke da wani sinadari da masana kimiyya a duniya suka mayar ma'auni? Sunansa asid ɗin galik. Akwai shi kuma a ganyen shayi da inabi da ɓawon mangwaro.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara tace shi a 1786. Ya samo shi ne daga ƙulluttukan da ke fitowa jikin itacen ok idan wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro ya saka ƙwansa a ciki. In an tace shi, fari ne mai siraran ƙwayoyi. Ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi, sai a ruwan zafi.

Sirrinsa yana cikin ƙirarsa. Zobe ne na ƙwayoyin kabon shida, ga rassa uku masu saurin sakin haidirojin. Idan wata gurɓatacciyar ƙwaya mai lalata mai ko ƙwayoyin jiki ta taso, sai ya miƙa mata haidirojin, ta lafa. Shi ya sa ake haɗa wani sinadari daga gare shi, mai lamba E310, a zuba a man girki don kada ya yi saurin ɓaci.

A ɗakin gwaji kuwa, shi ne mudun awo. Mai bincike da ke son sanin yawan irin waɗannan sinadarai a zogale ko zoɓo yakan haɗa ruwan ganyen da wani ruwan gwaji mai suna Folin-Ciocalteu, sai launi ya koma shuɗi. Na'urar auna haske ta karanta kaurin shuɗin a tsawon zangon haske na nanomita 765, sannan a gwada da shuɗin da sanannen adadin galik ya bayar. Wasu masana biyu, Singleton da Rossi, ne suka daidaita wannan hanya a 1965, kuma har yau da ita ake aiki.

Idan ya gamu da ƙarfe sai ya yi baƙi ƙirin. Da haka aka yi ɗaruruwan shekaru ana haɗa tawada a Turai da ƙasashen Larabawa, haka nan fatar da aka jeme da bagaruwa take baƙi in ruwan ƙarfe ya taɓa ta. Masana'antu ma na amfani da shi wajen haɗa tirimetofirim, ɗaya daga magunguna biyu da ke cikin Septrin.

Sai dai a kula: ƙarfin sinadari a kwalbar gwaji bai isa shaidar cewa yana warkar da cuta ba. Kada a ɗirki jiƙon bagaruwa da sunan magani ba tare da shawarar likita ba. Ɗalibanmu na kimiyya kuwa, ga abin bincike nan a bakin ƙofa, sai ku duƙufa.