Ƙadandoniya: mai gyara ƙasa, mai ɓarnar gyaɗa

Da zarar ruwan farko ya sauka a jahohin Maradi da Damagaram, ƙadandoniya na cikin halittun da ke fara fitowa. Takan kwashe rani a binne cikin ƙasa mai laima, a gindin itatuwa ko cikin suri, tana jiran damina.

Mutane da yawa na haɗa ta da shanshani, amma masana sun raba su. Shanshani na da ƙafa biyu a kowace gaɓa, yana da gudu, yana cizo da dafi. Ƙadandoniya kuwa ƙafa huɗu gare ta a yawancin gaɓoɓinta. Ajinta shi ne Diplopoda, mai nau'o'i sama da 12,000 da aka tantance. Ba ta cizo. In aka taɓa ta sai ta naɗe kamar gammo, ta fitar da ruwa mai wari da ke rina fata, mai yaji in ya shiga ido.

Dogayen da aka saba gani a ƙasashe masu zafi galibi na rukunin Spirostreptida ne. A cikinsa akwai dangin Spirostreptidae, inda ake samun Archispirostreptus gigas ta gabashin Afirka, mai wuce santimita 30. Akwai kuma dangin Odontopygidae, da ba a samunsa sai a Afirka, wanda sunansa ya fito daga ƙananan ƙayoyin da ke ƙarshen jikinta. Don bambance nau'o'in, masana na duba ƙafafun gaɓa ta bakwai na namiji, waɗanda suka zama kayan barbara.

Wannan dangi na biyu, musamman jinsin Peridontopyge, shi ke damun manoman Sahel, tun daga Senegal har Nijar. Asalin abincinta ruɓaɓɓen ganye ne, tana mayar da shi taki. Amma a farkon damina takan cinye irin da aka shuka, ta datse tsiron gyaɗa da hatsi, daga baya ta huda ɗanyen kwanso. Ta wannan huji ne funfuna mai haifar da gubar aflatoxin ke samun shiga, gubar da ke lahanta hanta, ke kuma hana gyaɗa karɓuwa a kasuwannin waje.

Shi ya sa malaman gona ke jan hankali kan gauraya iri da magani kafin shuka, da ware gyaɗar da aka huda tun wajen girbi.